Gashin da Na Sa wa Hannu

'Yan uwana masu bibiyata, ku gafarce ni da shirun mako biyun nan. Wata ta rubuto cewa tun da aka kafa hotona a bakin titi na daina kula mutane. Ba haka ba ne, 'yar uwa. Mahaifina ne ya rasu.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Tlalane, shekarata ashirin da biyu, ina cikin 'yan mata goma sha biyu da suka kai zagayen ƙarshe na gasar sarauniyar kyau a Maseru, babban birnin ƙasarmu. Wadda ta ci za a ɗauke mata nauyin karatu har ta gama. Ni aikin jinya nake so. Sau biyu makarantar tana aiko mini takardar ɗauka, sau biyu ina ninke ta in tura ƙasan akwati. Ranar da abin nan ya faru, saura kwana goma sha huɗu a yi gasar.

Ranar Asabar muka binne Ntate, wato mahaifina, a ƙauyenmu da ke bayan Mafeteng. Shekara ashirin da shida ya yi a ramin zinariya a ƙetaren iyaka, ya dawo da tari da takalman roba ƙafa bakwai. Tarin ya zauna masa a ƙirji, takalman kuwa ya cika su da ƙasa ya shuka albasa, ya jera a ƙofar ɗaki. Ranar binnewar ma sai da wata baƙuwa ta tsugunna ta tsinki ganyen albasar ta kai wa masu miya.

Da muka dawo daga makabarta aka wanke hannu a bakin ƙofa, aka shiga rabon tuwon masara da naman sa. Ina sanye da rigar seshoeshoe, atamfar gargajiyarmu, mai ruwan ƙasa, da bargo a kafaɗa maƙale da babban fil, kaina ɗaure da baƙin ɗankwali. A ƙarƙashin ɗankwalin nan kitso ne manya guda shida. Idan na kwance gashina na ja shi, yana sauka har tsakiyar bayana, kuma tun da aka haife ni bai taɓa ganin maganin kanti ba. Saboda shi ne kamfanin man gashin da ya ɗauki nauyin gasar ya zaɓe ni a sa a allon talla.

Ina riƙe da faranti biyu sai Rakhali Maseipati, yayar Ntate, ta tsaya a tsakar gida ta buga murfin tukunya da cokali. Ta ce gobe da safe, kafin a saki shanu, za a yi askin makoki. Rangoane Molefi, ƙanin Ntate, shi zai riƙe aska. Za a fara daga 'yar fari a bi har auta, kamar yadda aka saba, kada kowa ya yi nisa.

'Yar farin ni ce. Ba wai ban san al'adar ba, ina shekara tara aka yi mini ƙwal saboda kakata, har na yi ta dariya ina shafa kai. Amma kwana goma sha ɗaya na yi ina yankan kabeji da amsa gaisuwa, ko sau ɗaya tunanina bai je kan gashina ba. Sai a lokacin na ji kamar an zuba mini ruwan ƙanƙara a baya. Na ajiye farantan a kan dutse, na laluba wayata cikin bargo, na rubuta wa Motlatsi: "Zo bayan garke yanzu. Kar ka tsaya gaisuwa."

Motlatsi shi ne saurayin nan nawa da na ba ku labari kwanaki, mai tantance ulu a rumfar da ake aske tumaki da awaki. Da yatsa biyu yake gane gashin akuya mai daraja, ko da idonsa a rufe. Ya iso yana tauna nama, hularsa a hannu. A ƙauyenmu waya ba ta kamawa sosai sai a kan katangar garken shanu, wajen dutsen nan mai kama da kan kunkuru, don haka can muka hau muka zauna. Na zaro takardar yarjejeniyar daga jaka, shafi goma sha ɗaya, duk ta sha jan baki da hoda a gefe.

Bari in faɗa muku gaskiya, ban taɓa karanta ta ba. Ranar da muka sa hannu, mu ashirin ne a tsaye a zauren otal, kowa kan dogon takalmi, biro ɗaya na zagayawa, mai ɗaukar hoto yana cewa mu yi sauri rana za ta juya. Shafin kyaututtuka kaɗai na duba, sai na nemi inda aka sa ɗigo na rubuta sunana.

Motlatsi ya goge yatsunsa a wando, ya shiga bin layi ɗaya ɗaya yana motsa leɓe. Ya karanta mini cewa hotunana nasu ne har shekara biyu. Dole in halarci duk inda aka kira ni. Ba zan yi wa wani kamfani talla ba. Da ya zo sharaɗi na huɗu ya ɗago kai. A wajenmu ausi ake ce wa mace, abuti kuma namiji, kamar dai a ce yaya.

"Ausi Tlalane, ashe har aurena kika sayar? Nan an ce ba aure sai bayan shekara. Ni kuwa kawunnena har sun sayi ambulan na wasiƙar neman aure."

"Abuti, don Allah wuce. Nemi inda aka yi maganar gashi."

Maganar gashin tana cikin sharaɗi na tara. 'Yar takara ba za ta rage tsawon gashinta, ko ta canja launinsa, ko ta aske shi ba, sai da izinin kwamiti a rubuce. Wadda ta saɓa an cire ta nan take, a ɗauko ta goma sha uku. Ya karanta sau biyu, na biyun a hankali kamar zai samu wani rami a ciki. Ya juya shafin ya duba baya. Ya ce ba maganar rasuwa ko'ina, wanda ya rubuta wannan abu da alama danginsa ba sa mutuwa.

Na kira Ausi Bonang, mai kula da mu 'yan takara. Ta yi mini ta'aziyya da muryar da ta saba yi mana magana, mai taushi da sauri. Na faɗa mata batun askin, na tambaya ko zan iya sa hular gashi. Ta ce hular gashi ba za ta yi ba, domin a daren gasar mai gyaran gashin kamfanin zai kwance kan kowace yarinya a kan dandamali, ya shafa man, ya taje a gaban kyamara. Ta ce ita ba ta da ikon ba da izini, kwamiti ne, kwamiti kuma sai Laraba zai zauna. Bayan ta kashe ta turo saƙo: "Ƙanwata, ki lallaɓa su su jira Laraba. Kar ki bari a taɓa kan nan. Ke ce a gaba a ƙuri'ar waya." Har da hoton zuciya guda uku.

Na sami Rakhali a ɗakin ajiya tana rarraba ragowar nama a roba. Na durƙusa kamar yadda ya kamata, na yi mata bayani tun daga farko, har da takardar na miƙa mata. Ko kallonta ba ta yi ba. Ta ce baƙin ƙyallen makoki ana yi wa 'yan makaranta da ma'aikata sassauci, su maƙala shi a cikin riga, amma aski ranarsa ɗaya ce, gawa ba ta san Laraba ba. Na ce to a yi mini irin na birni, a ɗan yanki kaɗan a ƙeya inda ba a gani.

"Ɗan kaɗan?" Ta ajiye wuƙar. "Ubanki ɗan kaɗan ne ya mutu? Da yake shaƙar ƙura yana aiko miki da takalmin makaranta, ɗan kaɗan yake shaƙa?"

Na ce ba haka nake nufi ba, Rakhali.

"Idan ba ki zauna an aske ki ba, ƙannenki Limakatso da Puleng ba za su zauna ba, don ba a hawa kan babba. Sai dai in tsallake ki za a yi. Je ki tambayi uwarki wace irin 'ya ake tsallakewa."

Ban gane ba a lokacin. Na ɗauka faɗa ne irin nata, domin Rakhali ko da kaza take magana sai ta ja mata kunne.

Mme, mahaifiyata, tana ɗakin ciyawa, zaune a kan katifa a ƙasa kamar yadda matar mamaci take zama, an lulluɓe ta da bargo har goshi. Ta jira matan da ke tare da ita suka fita shan shayi, sannan ta ɗaga gefen bargon. Jakata ce a ƙarƙashi, a ɗaure, har da dogon takalmina a cikin leda. Ashe Limakatso ta riga ta kai mata labari. Ta ce akwai motar ƙarfe biyar, in bi ta bayan gida in gangara titi, ita za ta ji da mutane. Ta ce Ntate wata biyu da suka wuce ya hau doki har bakin titi, ya shiga mota zuwa Maseru, ya tsaya a ƙarƙashin allon nan yana tari yana gaya wa masu sayar da tuffa cewa 'yarsa ce. Bai faɗa mini ba don kada in yi masa faɗan fita cikin sanyi.

Ku da kuke karantawa, kada ku zage ni. Na karɓi jakar. Na tura wa Motlatsi cewa ya jira ni a titi, na sa jakar cikin bargo kamar mai ciki, na zagaya ta bayan ɗakin.

A can ne mata suke wankin manyan tukwanen ƙarfe da yashi. Su uku ne, duk sun ba ni baya, ƙarar yashin kuma ta hana su jin tafiyata. Sunana na ji, na tsaya a jikin bango. Ɗaya tana cewa za su gani, gobe yarinyar nan ba za ta kwana a garin ba, uwar za ta san yadda ta yi ta fitar da ita, wannan maganar gasa duk rufin asiri ne. Ta biyu ta ce ai kowa ya iya lissafi, shekarar da aka haife ta mutumin wata goma sha ɗaya ya yi bai taka ƙauyen ba. Ta ukun, wadda ko ɗazu ta rungume ni tana kuka, ta ce askar gida ba ta hawa kan bare a zauna lafiya, uwar ta san haka, shi ya sa take tsoro. Suka yi dariya ƙasa ƙasa, ɗaya ta ce a miƙo mata toka.

Ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba. Na dai tuna ina kallon wani ƙadangare a jikin bangon, wutsiyarsa ta rabu biyu, ina ta mamakin yadda aka yi ban taɓa ganinsa ba. Abin da ya fi damuna ba maganarsu ba ce. Tambayar da ta taso mini ce, wadda har yanzu ina jin kunyar rubuta ta: shin don karatuna Mme take korata, ko don tsoron da suka faɗa?

Na koma ɗakin. Na ajiye jakar a gabanta. Ta dubi fuskata, ta dubi ƙofar da ke kallon wajen tukwane, ta gane.

"Sun faɗa, ko?"

Na gyaɗa kai.

Ta ce in zauna. Ta ce a shekarar nan Ntate ya gudo daga wurin aiki ba da izini ba, lokacin Ista, ya tsallako kogi a ƙafa da takalmansa a wuya. Kwana uku ya yi a cikin wannan ɗakin bai leƙa waje ba, domin akwai 'yan ƙauyen da suke aiki tare, in labari ya koma za a kore shi. Ita take fitar masa da tukunyar fitsari da asuba. Ko Rakhali ba ta sani ba. Daga baya da ya faɗa, sai aka ce yana rufa wa matarsa asiri ne, mutumin kirki.

"Shekara ashirin da biyu ina shiga coci da maganar nan a bayana," in ji ta. "Ƙarin shekara ashirin ba zai kashe ni ba. Ke dai ɗauki jakarki. Gashi kike da shi, da shi za ki fita daga nan."

Daga nesa muka ji motar ƙarfe biyar tana hon a kan gangare, dogo uku, kamar kullum. Wayata ta yi motsi a ƙirjina, da yake wani lokacin iska tana kawo saƙo har tsakar gida. Motlatsi ne: "Na tsayar da direba. Ya ce minti biyu, yana da marar lafiya." Mme ta tura jakar da ƙafa zuwa wajena. Na riƙe wayar har haskenta ya mutu. Motar ta sake hon, sannan muka ji ta tashi.

Da yamma Motlatsi ya hauro, takalmansa duk laka. Bai tambaye ni dalili ba, da alama maza ma sun yi nasu lissafin a wajen giya. Ya ce zai nemi wasiƙa daga mai gari, mai hatimi, ranar Litinin mu je ofishin masu gasar tare. Na ce sharaɗin ya ce izini kafin aski, ba bayansa ba, kai ka karanta mini. Ya ce ya sani, amma takarda a hannu ta fi hannu haka nan. Sai ya sassauta murya ya ce shi dai daga safe zuwa yamma gashi yake taɓawa, ya gaji da shi, in aka ba shi mace mai kai sumul zai ɗauka hutu ne. Na ce Allah ya shirye ka, a gidan makoki. Amma na yi dariya, ita ce ta farko cikin kwana goma sha ɗaya.

Gari ya waye da raɓa ta daskare a kan ciyawa. An ajiye kujerar katako a tsakar gida, da kwanon ruwan ɗumi, da sabulu, da tabarma a ƙasa don tara gashi. Rangoane Molefi yana ɓare sabuwar reza daga takardarta. Dangi sun yi da'ira cikin barguna. Matan tukwanen nan suna gaba gaba, sun zo da wuri kamar masu neman wurin zama a coci. Limakatso da Puleng suna tsaye a gefe, kowace riƙe da ɗankwalinta. An buɗe ƙofar ɗakin ciyawa don Mme ta gani daga kan katifarta.

Rakhali ta ce, "'Yar fari."

Ina tafiya ina tuna takardar makaranta a ƙasan akwati, da yarinyar nan ta goma sha uku da ban ma san sunanta ba, wadda ƙila yanzu tana barci ba ta san an yi mata kyauta ba. Na zauna. Na kwance ɗankwalin da kaina, kitso shidan suka zubo, na ji wata ta ja numfashi. Rangoane ya sunkuyo ya ce a kunnena, "Yarinyata, kin tabbata? In kin tashi yanzu ni ba zan riƙe ki ba." Na ce ya fara, sanyi nake ji.

Da almakashi ya soma. Ban san kitso yana da nauyi ba sai da na ji na farko ya faɗi a kan tabarma. Na rufe ido. Bayan almakashi sai sabulu, sai reza tana tafiya daga goshi zuwa baya, iska tana bin sawunta. Ba wanda ya yi tari.

Da ya kai ƙeya sai ya tsaya. Na ji ya ce, "Ausi, zo ki gani." Takun Rakhali ya matso. Babban yatsanta mai kaushi ya sauka a bayan kaina, ya shiga wani ɗan lotsi da ni kaina ban san ina da shi ba, domin askin da aka yi mini ina ƙarama a garin kakata ta wajen uwa aka yi. Ntate yana da irinsa a daidai wurin, muna yara mukan sa masa ƙwayar masara a ciki in yana gyangyaɗi. Yatsan ya daɗe a wurin. Sannan Rakhali ta ce, da ƙarfin da har na bayan garke za su ji, "Wannan kan ƙanina ne." Ta juya ta nufi ɗakin ciyawa, ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta shiga ta zauna a ƙasa kusa da katifar Mme. Ɗaya daga matan tukwanen ta tuna ta bar wuta a kunne.

Na tashi, Limakatso ta zauna. Ban tsaya kallo ba. Na ja bargo na rufe kai, na zagaya na hau katangar garke. Saƙon Ausi Bonang ya shigo tun ƙarfe bakwai: "Ina kwana sarauniya. Sun yarda su jira? Litinin ƙarfe takwas akwai ɗaukar hoto, ki zo da gashi a kwance."

Na sauke bargon. Na ɗaga wayar na ɗauki kaina, ga sabulu bai gama bushewa a kunnena ba, ga ɗan jini inda reza ta kama. Na rubuta: "Ausi, an binne mahaifina, ni ce 'yar fari. Zan zo Litinin ƙarfe takwas." Na haɗa da hoton na tura kafin in sake tunani.

Ta buɗe nan take. Wayar ta nuna tana rubutu. Ta tsaya. Ta sake farawa, ta daɗe, ta sake tsayawa. A ƙasa Rangoane yana kiran Puleng, an buɗe wa shanu ƙofa suna fita suna goga jikin katangar da nake kai. Sai rubutun ya ɓace gaba ɗaya, wayar ta hau ruri a hannuna da wata lamba ta Maseru da ban sani ba.